Shingen Aguwa a Gonar Lantana

Tudun Kalgo, ta Agiye
Watan Nuwamba

Gwaggo Lantana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya, ke da ɗiyarki Hamdiya da jaririnta. Maƙwabtanki sun ce haihuwar ta zo da wuya har sai da aka yi mata aiki, shi ya sa kika rufe gida kika tafi Cadakori jinya. Allah ya ba ta lafiya, ya raya abin da aka samu.

Wataƙila sunan ya ɓace miki. Ni ne Shu'aibu ɗan Hamisu na Maraɗi, jikan Abdulrahaman ƙanen mahaifinki. An turo ni kolej ɗin garinku ina koyar da labarin ƙasa. Da zan taho babana ya ce, "Je ka, kana da uwa a can." Na zo na iske ƙofar uwar da kwaɗo.

Gwaggo, aikin nan na neman ya fi ƙarfina. Darasin 'yan sankiyam, wato 'yan aji biyu, na bana shi ne mutum da muhallinsa, yadda mutum ke cin ƙasa da yadda ƙasa ke ramawa. Ina rubutawa a tabulo, allon bango, da Faransanci, su kwafe a kaye, littafinsu na rubutu, su haddace. Na tambayi wata yarinya mece ce zaizayar ƙasa, ta zubo mini amsa ba tuntuɓe. Na ce to nuna mini ita, sai ta nuna tabulo! Alhali ga kwazazzabo nan bayan lakol, makarantar tamu, yana cin gindin katanga.

An nuna mini gonar mijinki Baba Bubakar, Allah ya jiƙansa, ta hanyar Gazawa. Na ga gawo da ƙananan itatuwan da kika bari suna tashi, ga gonakin gefe fayau. Ina roƙon ki bar ni in kai yara su gani da idonsu. Ba ni da lambarki, sai na ba Rabilu direba wannan takarda.

Ɗanki,
Shu'aibu

Cadakori
Watan Disamba

Mushe Shu'aibu,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau muke. Hamdiya ta fara takawa tana dafa bango, yaron kuma baki gare shi kamar na ubansa, ba ya barin kowa ya huta.

Kai ne za ka gaya mini ko kai wane ne? Ɗan Hamisu da ya jiƙa mini sabon zane ranar sunan ƙanwarsa! Yau kai ne mushe, malamin makaranta. Allah mai iko. Da kaina na karanta takardarka, na yi karatun manya a baya, rubutun ne dai kamar kaji sun yi tono, sai ka yi haƙuri. Wayata ta mutu, wadda ke gidan nan ta surukina ce, ni kuwa ba na son maganata ta bi ta kunnen suruki. Mu ci gaba da Rabilu.

Ka kai yaranka su gani, kallo ba zai rage ta da komai ba. Amma ka ja musu kunne, wanda ya karya mini ɗan gawo ɗaya ni da uwarsa ne. Za ka iske Buba Bafulatani ya kwantar da shanunsa a ciki, kada ka kore shi. Duk rani haka muke yi, in ba shi hatsi, ya bar mini taki. Sa'ad da Bubakar ya fara noma gonar nan, fako ce, ko ƙaya ba ta son fitowa. Mu muka yi ta da kwando da kai, shi ya tafi ya bar ni ina ci gaba.

Ita ce cina, ita ce suturata, da ita na aurar da Hamdiya. Ba don ita ba da yanzu ina zaune a tsakar gidan wani ina jiran a zubo mini. Ka riƙa leƙa mini ita. Sai jikin yarinyar nan ya yi ƙwari zan dawo, in sha Allahu kafin shuka.

Gwaggonka,
Lantana

Tudun Kalgo
Watan Maris

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Hamdiya da mai gidanta. Nan zafi ya fara, amma lafiya lau.

Allah ya saka miki da alheri. Yaran nan da nake cewa kansu dutse ne, ashe kilas ne ke ɗaure musu baki. A gonarki na ce su damƙi ƙasar gindin gawo a hannu ɗaya, ta fili a ɗaya hannun. Yarinyar nan mai nuna tabulo ita ta fara cewa, "Mushe, wannan tana da nauyi, wannan kuwa zuba take." Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yaran sun ce duk shekara iskar da ke gaban hadarin farko tana kwaso rairayi ta binne miki shuka, har sai kin maimaita. To me zai hana darasin ya zama aiki? Ina son mu dasa aguwa a kewaye da gonar ta zama shinge, tun da yanzu ne lokacin dasa ta, ba ta neman ruwa. Mu sa 'yan bagaruwa a kusurwa, yara su riƙa shayarwa. Su sun koyi darasi, ke kin sami shinge ba ki ɗaga ko tsinke ba. Darakta ya ji daɗin maganar ƙwarai.

Na san kina fama da jinya, ba sai kin wahalar da kanki da amsa ba. In ban ji daga gare ki ba kafin mu dawo daga hutu, na san kin yarda.

Ɗanki,
Shu'aibu

Cadakori
Watan Afirilu

Shu'aibu,

Muna lafiya. Ban da lokacin doguwar gaisuwa.

Kada ka dasa! Ka ji ko? Ko reshe ɗaya kada ka soka a gonar nan. Yau takardarka ta zo hannuna, motar Rabilu ta lalace ta daɗe a garaji, takardar na cikin aljihun mota.

Gonar ba tamu ba ce, aro ce. Malam Hamidu, tsohon nan makaho na kusa da masallacin Juma'a, shi ya ara wa Bubakar ita tun kafin a haifi Hamdiya. Da Bubakar ya rasu ya ce in ci gaba, don zumuncin da ke tsakaninsu. Duk kaka ina kai damin hatsi ƙofar gidansa da kaina, a kaina, kowa na gani, don a san ban manta mai ita ba. Wanda ke noman aro ba ya dasa itace, ba ya yin shinge, ba ya gina rijiya. Abin da ya tsiro da kansa ka bar shi ya girma, ba mai magana. Amma ka sa hannu ka dasa, to ka ce gona taka ce. Aguwa kuwa ita ce mafi muni, da ita ake yanke iyaka.

Ɗansa Rashidu ya daɗe yana zagaya gonar nan da ido tun da ta yi kyau. Kunyar ubansa ce kawai ta riƙe shi, dalili yake nema.

Kuma wane ne ya koya maka cewa shirun babba amsa ce? Don girman Allah ka dakata har in zo.

Lantana

Tudun Kalgo
Watan Afirilu

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jikin Hamdiya ya ƙara sauƙi. Ban ji daga gare ki ba, na san hidima ce ta yi yawa.

Albishirinki! An yi aiki. Ranar Asabar muka fita da 'yan sankiyam gaba ɗaya, maza na sara aguwa suna ɗaukowa, mata na jerawa. Sai ki ga layin, tsaf kamar an ja da igiya. Mutane suna wucewa suna cewa, "Sannu da aiki, Mushe," wasu har tsayawa suke suna kallo. Buba ne kawai ya tsaya da sandarsa a wuya ya ce, "Mushe, mai gona ya sani?" Na ce ai ita ta ba ni izini. Ya ce to, ya kaɗa shanunsa ya tafi, ko sallama babu. Halin Fulani sai su.

Darakta ya kira yaron gidan rediyon karkara, ya zo ya ɗauki muryar yara. An sa mu a labarai, har an maimaita. Ni da bakina na ce, "Wannan gonar Lantana ce, matar marigayi Bubakar, macen da ya kamata kowa ya yi koyi da ita." Na so a ce kina kusa da rediyo. Sunanki ya kai har Gazawa.

Kada ki ce za ki yi godiya. Uwa ce, an yi mata.

Ɗanki,
Shu'aibu

Tudun Kalgo
Watan Mayu

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Ni dai ba zan ce lafiya ba.

Takardarki ta iske ni bayan an gama komai. Washegari aka aiko mai gari na kira na.

Na iske zauren cike. An zaunar da Malam Hamidu a kan buzu, Rashidu na tsaye a kansa. Rashidu ya ce, "Mace ta tafi can ta ɓuya, ta turo ɗanta ɗan gwamnati da yaran gwamnati sun shinge gonar ubana, sannan an shiga rediyo an gaya wa duniya tata ce. Gobe in tsohon nan ya kwanta dama, wa zai yi mini shaida? Aguwa ko rediyo?"

Na rantse musu ba ki sani ba. Na ce laifina ne ni kaɗai, in an yarda yau ɗin nan zan tumɓuke komai da hannuna. Mai gari ya ce, "Aguwa ana cire ta, Mushe. Mutanen da suka ji rediyo fa, gida gida za ka bi su?" Aka yi dariya.

Na sa rai tsohon zai yi magana, don na ga bakinsa na motsi. Da ya buɗe sai ya ce, "Lantana ba ta taɓa fashin kawo dami ba." Na ce alhamdu lillahi a raina. Sai ya ƙara da cewa, "Amma na ara wa Bubakar don ya ci ne, ban ara mishi don a shinge ba. Ni na tsufa, magana na hannun Rashidu." Shi ke nan. An yanke gona ta koma gidansu kafin shuka.

Gwaggo, na yi kuskure, amma ki bar ni in faɗi abin da ke cina. Na san hukuncin aro, yana cikin littafin da nake koyarwa, gado da saye da jingina da aro. Abin da ban sani ba shi ne gonarki aro ce. Duk garin nan "gonar Bubakar" suke ce mata. Ke ma a takardarki kin ce cinki ce, suturarki ce, ba ki ce ta wani ba ce. Kalma ɗaya da ta isa.

Na shiga kilas raina a ɓace, na ce wa ya san gonar aro ce? Hannuwa suka tashi, kusan kowa. Na ce to me ya hana ku faɗa? Da ƙyar yarinyar nan mai nuna tabulo ta ce, "Mushe, mun zaci an saya ne. Kuma kai ka ce ba a magana sai an tambaya, in an tambaya kuma da Faransanci." Ban iya ƙarasa darasin ba.

Zan je Agiye in ga ko akwai buro, wato ofishin hukuma, da za a kai ƙara.

Shu'aibu

Cadakori
Watan Mayu

Mushe,

Mun gode da gaisuwa. Hamdiya ta warke, har ta koma daka. Ni ce yanzu ba na iya cin abinci.

Kada ka je buro ko ɗaya. Ƙara a kan me? Gonarsu ce. Kana so bayan an ce na yi ƙoƙarin cin gonar makaho, a ƙara da cewa na kai shi gaban hukuma? Ka bar mini ɗan mutuncin da ya rage.

Ka ce kalma ɗaya da ta isa. To ni in gaya maka, a garinmu ba wanda ke yawo yana shelar gonarsa aro ce, kamar yadda ba ka tsayar da mutum a hanya ka ce mishi rigar jikinka ta wani ce. Kowa ya sani, sai a yi shiru don a rufa wa juna asiri. Kai ka zo bayan kaka, ba ka ga dami a kaina ba, na yarda. Amma ka roƙi kallo, na ba ka kallo. Da ka so dasawa, ka rubuta tambaya, ka ba kanka amsa, ka yi mini albishir. Buba ya tambaye ka mai gona ya sani, ka ce halin Fulani. Mutumin da ba Hausa ce ya sha a nono ba ya gaya maka magana a fili, kai ɗan Hausa ba ka ji ba.

Su kuma masu "sannu da aiki, Mushe," Allah ya isa tsakanina da su. Da su na yi zaman makoki, da su na yi biki, 'ya'yansu na goya. A cikinsu ba a sami ɗaya da zai ja ka gefe ba. Sun tsaya kallo ne su ga yadda za ta ƙare.

Ka san abin da ya fi ƙona mini rai? Ban yi sata ba, ban yi rashin kunya ba, ban yi fashin dami ba ko a shekarar da fara ta cinye mu, sai da na auno na kai. Duk tsawon zaman nan ina taka-tsantsan kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai. Sai ga shi alheri ne ya kore ni, alherin ɗan ɗan'uwana. Da maƙiyi ne da na san inda zan kai kukana.

Surukina ya ce in zauna, gidan da faɗi. Mutumin kirki ne. Jiya da aka miƙo mini tuwo, uwarsa ta ce, "A ƙara wa baƙuwa miya." Ta faɗa da fara'a, ni kuwa na ji ta har cikin ƙashina.

Lantana

Tudun Kalgo
Watan Yuni

Gwaggo,

Ina gaishe ki, in kina karɓar gaisuwata. Ba ni da bakin kare kaina kuma.

Na je wurin Rashidu ni kaɗai, na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa sa'ana ba. Na roƙe shi ya bar miki ko rabi, ko bana kawai. Ya ba ni ruwa, ya kira ni malam, ya ce magana ta wuce. Na ce to bari in kwashe aguwata. Ya ce a'a, shinge ne mai kyau, ya kama, a bar shi.

Sannan ya roƙe ni wani abu. Ranar da muka yi aikin rana ta yi mana, ba mu rufe gefen gabas ba, muka bar shi sai wani sati. Wai in kawo yara su ƙarasa mishi kafin ruwa ya sauka, tun da ta can iska ke shigowa. Ya faɗa ko kunya babu.

Darakta ma yana so a ƙarasa. Masu duba makarantu sun ji mu a rediyo, za su zo su gani, an ce za a nuna aikin ga sauran malamai a matsayin darasin da ya yi kyau. Ana ta yi mini barka a buro, ni kuwa ji nake kamar in nutse.

Na ce musu ba zan taka gonar nan ba. In sun so su mayar da ni wani gari. Yaran ma sun ce ba za su je ba. Wannan kaɗai ya rage da zan iya yi miki.

Ɗanki,
Shu'aibu

Cadakori
Watan Yuni

Shu'aibu,

Na karɓi gaisuwarka. Yaron ya fara zama, Hamdiya na gaishe ka. Nan an yi yayyafi shekaranjiya, mutanen gidan duk sun fita da sungumi, ni na zauna da jariri.

Ka ce ba za ka taka gonar ba don ni. Me zan yi da fushinka? A tukunya zan sa shi? Har yanzu kana yanke abin da zai yi mini daɗi ba ka tambaye ni ba.

To yau ga amsata tun kafin ka ba kanka. Ka kwashi yaranka ku je ku rufe gabas ɗin. Ba don Rashidu ba, Allah ya sani ban yafe mishi ba, kai ma ban ce na yafe ba tukuna. Amma gefen nan na gabas ni na san shi. Nan Bubakar ya fi zuba taki, nan ƙasar ta fi laushi, nan kuma iska ke fara ci. Rashidu ba zai maimaita shuka ba in ta binne, ba zai kira Buba da rani ba, zai ci abin da ya iske ne har ya ƙare. In babu shingen, gonar za ta koma fakon da muka same ta. Ita ba ta yi mini laifin komai ba.

Ku dasa kusa da kusa, kada ku bar ƙofar da akuya za ta bi. In masu duban sun zo, ko yaron rediyo, ka faɗa musu gonar Malam Hamidu ce. Kada sunana ya sake fita daga bakinka.

Makullin gidana na wurin maƙwabciyata Husaina. A rumbu akwai zangarniyar da na ware don iri, na zaɓe su ɗaya ɗaya da kaka. Ka ba ta ta shuka, kada ƙwari su cinye a banza.

In hatsin gonar ya yi kyau bana, kada ka rubuto ka gaya mini.

Lantana